Yayana na gudun hijira a Maraɗi: ya dawo gida ko ya zauna?

Wata malamar firamare daga Gusau ta aiko da wannan tambaya: "Yayana da iyalinsa sun tsallaka Nijar tun 2019, bayan 'yan bindiga sun ƙone garinmu a ƙasar Zurmi. Suna zaune a wani ƙauye na jihar Maraɗi. Duk wata ina aika masu abin da ya sawwaƙa, amma har yanzu jiya i yau. Dangi sun matsa ya dawo gida, wai zaman baƙunci ya isa haka. Babban ɗansa kuma wani ya ce zai fitar da shi Turai a matsayin ɗan gudun hijira in an kawo kuɗi. Anya mutum na iya sake tsayawa da ƙafafunsa a ƙasar wasu? Ni kuma me ya kamata in yi?"

Malama, Allah Ya saka miki da alheri kan wannan zumunci, Ya kuma jiƙan waɗanda kuka rasa. Na yi shekaru ina aikin rajista da kula da 'yan gudun hijira a wannan bakin iyaka, don haka abin da zan faɗa miki mafi yawansa gani ne, ba ji ba. Ana farfaɗowa. Na ga mutanen da suka tsallaka da rigar jikinsu kawai, yau suna aurar da 'ya'ya da guminsu. Na kuma ga waɗanda shekara biyar ta same su inda daren farko ya bar su. Bambancin da ke tsakaninsu ba yawan tallafi ba ne, ba kuma wai wasu sun fi wasu zuciya ba. Wanda ya tashi, sana'ar da ya zo da ita a kansa ce ta samu kayan aiki. Wanda ya tsaya, an yi ta ciyar da shi ne ba a tambaye shi abin da ya iya ba.

Ki fara da sanin garin da yayanki ya nufa. Maraɗi kanta masu gudun hijira ne suka raya ta. Bayan jihadi ya ci Katsina, zuriyar sarakunanta suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi wajen 1819, shi ya sa har gobe sarautar garin Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce mata. Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A nan Kabi ma, bayan faɗuwar Birnin Kabi a 1805, Kabawa sun yi ta yawo kafin su kafu a Argungu. Mutanen Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira daga Burmi a 1903 sun ci gaba da tafiya gabas har suka kafa garin Mai Wurno a Sudan, jikokinsu na can suna Hausa da Fulatanci. In wani cikin dangi ya ce zaman yayanki a can abin kunya ne, ki tuna masa da waɗannan. Ba shi ne farau ba.

A watan Satumba na 2019, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, UNHCR, ta ce mutum fiye da 40,000 sun tsallaka jihar Maraɗi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina cikin wata goma. Kafin wata ƙungiya ta iso da tanti, talakawan ƙauyukan Gidan Runji da Madarunfa ne suka buɗe masu zaure, suka raba fura da su, wasu suka kwashe awaki daga ɗaki don baƙo ya kwanta. Ina faɗin wannan ne domin ki san wa ke bin yayanki bashin alheri, don zai yi amfani nan gaba.

Tambayar farko da za ki yi masa a waya ita ce: yana da rajista? Mutanenmu da yawa sun ƙi yi. Wani na ganin ai gidan kawunsa ya zo, harshe ɗaya, addini ɗaya, me zai yi da kati? Wani na tsoron a ɗauki zanen yatsunsa. Wani kuma girman kai ne, ba ya son a kira shi ɗan gudun hijira. Amma a idon doka iyaka iyaka ce. Wanda ya gudu daga Zurmi zuwa Gusau yana nan a wuyan gwamnatin Najeriya. Wanda ya taka ƙasar Nijar ya shiga ƙarƙashin wata doka daban. Yarjejeniyar Janeba ta 1951 ta hana a mayar da mutum inda ransa ke cikin haɗari, sannan yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta 1969 ta faɗaɗa abin, ta haɗa da duk wanda taɓarɓarewar tsaro a ƙasarsa ta kora, ko da ba shi aka nufa da sunansa ba. Wannan ta biyun ce ta rufe mutanenmu. Sai dai a aikace da wuya kariyar ta yi wa mutum amfani sai da takarda a hannu. Da, ana dogara da 'yancin zirga-zirga na ECOWAS, amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025, kuma jandarma a hanya takarda yake tambaya, ba asalin kakanni ba. Rajistar kyauta ce, hukumar tantance 'yan gudun hijira ta Nijar ke yi tare da UNHCR. Duk wanda ya nemi kuɗi a kanta ɓarawo ne.

Kada kuma a manta da yaran da aka haifa a can. A yi masu takardar haihuwa tun suna cikin zanen goyo, domin in wa'adi ya wuce sai an bi ta kotu. Yaron da ba shi da takarda a Nijar, ba shi da ita a Najeriya, ranar jarrabawa ko ranar neman katin ɗan ƙasa ne za a gane irin cutar da aka yi masa.

Akwai ƙauyuka uku da aka ware nesa da iyaka, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda aka zaunar da baƙi gefen 'yan gari maimakon a killace su a sansani. An yi fanfo da ɗakin shan magani da azuzuwa da kowa ke amfani da su. Dalilin nisantar da su shi ne 'yan bindiga ba su san iyaka ba, suna bin mutane har cikin Nijar. Wasu sun ƙi komawa can don suna son su riƙa leƙa gonakinsu na gida. Na fahimce su, amma na san gidajen da aka sake kora karo na biyu saboda wannan zaɓi.

Yanzu ga inda nake son ki tsaya ki yi nazari, wato kuɗin da kike aikawa. Lokacin da Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya ƙara masa yarda, ya isa Madina ba shi da komai, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi masa addu'a, ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Wannan shi ne abin da na ga yana aiki har yau.

Akwai wani mahauci daga wajen Shinkafi da na sani a wani ƙauye kusa da Gidan Runji. Watanninsa na farko a gindin wata bishiya yake wuni, sai ranar rabo ya shiga layi. Ba ya magana da kowa. Wata rana Sarkin Fawan garin ya rasa mai taya shi fiɗa ranar kasuwa, aka ce ai ga wani baƙo can. Ya karɓi wuƙa, ya wasa ta a dutse, ya feɗe akuya ba tare da ya huda fata ko sau ɗaya ba. Sarkin Fawa ya juya fatar, ya ɗaga ta a rana, bai ce komai ba, ya miƙo masa ta biyu. Ladan ranar kai da ƙafa ne da 'yan hanji. Matarsa ta yi farfesu ta sayar da yamma. Daga nan aka fara ba shi bashin akuya ɗaya, ya yanka, ya biya da la'asar. Da wani ƙanensa a Kano ya tashi taimaka masa, bai aiko masa da kuɗin cefane ba, ya aiko da kuɗin awaki uku a dunƙule. Ganina da shi na ƙarshe yana da tukubar tsire da yara biyu masu yi masa talla, ɗaya ɗan garin ne. Babu ƙungiyar da ta koya masa fawa. Tun yana yaro ya iya. Wuƙa da amana da jari ne suka ɓace masa.

To me yayanki ya iya? Me matansa suka iya? In kina aika abin da zai ƙare a kwana huɗu, kin kashe yunwar kwana huɗu ne, kuma Allah zai ba ki lada. Amma ki gwada tara na wata uku ko huɗu, ki haɗa da na sauran 'yan'uwa, ku aika a dunƙule da sunan jari, bayan kun yi shawara da shi kan abin da za a saya: keken ɗinki ne, ko kaskon suya da buhun gyaɗa, ko amalanken jaki don dakon ruwa da itace, ko kayan faci. Shi zai zaɓa, ba ku ba, don shi ya san abin da ƙauyen ya rasa. Ki kuma lura cewa naira ta faɗi ƙwarai a gaban sefa tun 2023, abin da kike gani da kauri a Gusau yana isa Maraɗi ya zama 'yan jikkoki. Wani lokacin ya fi riba ki sayi kayan a nan ki aika da su. Ki tambayi ɗan canji kafin ki yanke.

Matan sun fi saurin tashi, wannan kam ba na shakka. Mace da tiya biyu ta gyaɗa za ta soya, ta kai injin niƙa, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli, ta sayar da man daban, ƙulin daban, gobe ta sayi tiya uku. Kuma sun faɗa ƙasar da ta san darajar asusun mata. Tsarin nan na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a 1991, a jihar Maraɗi aka haife shi kafin ya bazu duniya. Mata ashirin zuwa talatin ne ke haɗuwa duk mako, kowace ta zuba ɗan abin da aka yanke, a ba mai bukata rance, ta mayar da ɗan ƙari ko yadda suka shirya, ƙarshen shekara a fasa akwati a raba. Ki ce wa matan yayanki su nemi shiga, kuma su shiga wanda 'yan gari ke ciki, ba na baƙi zalla ba. A nan ake samun mai tsaya maka, a nan ake jin wace kasuwa ce ke ci gobe. In asusu ya fashe, jar akuya ake fara saye. Ita ce dai jar akuyar Sakkwato da muka sani, mai haihuwar tagwaye, a can ake kiranta ta Maraɗi. Ta tayar da gidaje da yawa.

Gona ita ce mai wuya. Jihar Maraɗi cike take da jama'a, ƙasa ta yi kaɗan, ga ta jigawa, ba irin laka da fadamun Zamfara ba. Manomin da ya saba da dawa da masara da auduga sai ya koma gero da wake da riɗi da aya. Ana samun aro ko haya, amma a yi shi gaban mai gari da shaidu, a faɗi damina nawa, don na ga wanda ya zuba taki shekara biyu, gona ta yi kyau, mai ita ya karɓe abarsa. Sai maganar itace. Manoman yankin sun shafe shekaru suna renon gawo da ƙalgo da sauran itatuwa a gonakinsu, kowace bishiya da mai ita, kuma ma'aikatan gandun daji na cin tara. Yaron da ya saba shiga daji ya saro abin da ya ga dama zai jawo wa ubansa rigima a rana ɗaya. Mafi yawan saɓanin da na shiga sasantawa tsakanin baƙi da 'yan gari bai wuce itace da layin fanfo da dabba ta shiga gona ba. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, to wannan baƙon rana ta fito bai tafi ba, kuma mai masaukin nasa shi ma talaka ne. Wanda ya gane haka, yake zuwa gayya da jana'iza da suna, yake ɗiban tiya ɗaya daga rabonsa ya kai gidan da suka fara sauke shi, shi ne ake ba aron gona.

Kada ya jingina da tallafi. Kuɗin agaji na duniya ya ragu sosai, musamman tun da Amurka ta yanke nata a farkon 2025, rabon abinci na raguwa ko'ina. Wanda ya ɗauki buhun nan a matsayin albashi zai sha mamaki.

Yara su shiga makaranta, ko da tsarin ya bambanta da namu kuma akwai Faransanci a ciki. Ƙanana kan kama cikin shekara guda. Waɗanda suka fara girma ne ke jin kunyar zama aji ɗaya da ƙannensu, su sai a haɗa masu da koyon sana'a. Ke malama ce, kin fi ni sanin abin da shekara biyar ba karatu ke yi wa yaro. Ina roƙonki musamman kan 'yan mata. Gidan da abinci ya yi wa kaɗan yakan aurar da yarinya don a rage baki, a kira shi sutura. Na ga irin waɗannan yara sun dawo da ciki ko da goyo kafin shekara biyu, bakin da aka rage ya zama biyu. In akwai wadda ake shirin yi wa haka, ki ɗauki nauyin karatunta, ko ki karɓo ta Gusau in iyayenta sun yarda.

Akwai kuma ciwon da ba a gani. Na san matan da ƙarar babur ke sa su zubar da tulu su ruga, shekaru bayan sun bar gida. Na san dattijon da ke da rumbu bakwai a garinsu, ya ƙi fita karɓar rabo don kada surukinsa ya gan shi a layi. In yayanki ya zama mai saurin fushi, ko ba ya barci, ko ya daina zuwa masallaci da majalisa, kada a ce lalaci ne ko raunin imani. Mutum ne da ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba. A haɗa masa da addu'a da zuwa asibiti, akwai ma'aikatan da aka horar kan wannan. Ke kuma in kin kira, kada hirar ta tsaya kan "kuɗin sun iso?" Ki nemi shawararsa kan auren wance, kan rabon gado, kan rigimar gida. Har yanzu shi ne babba, ki bar shi ya ji haka.

Maganar Turai kuwa, ki hana. Babu wanda ke sayar da gurbin ɗan gudun hijira. Akwai tsarin da ake ɗaukar wasu daga ƙasar da suka fake a kai su ƙasa ta uku, amma UNHCR ce ke tantancewa bisa tsananin bukata, ƙasar da za ta karɓa ta yanke hukunci, ba a biyan ko sisi, kuma waɗanda ke samu a shekara ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Amurka, wadda ta fi kowa karɓa a da, ta dakatar da shirinta a watan Janairu na 2025. Kusan kashi biyu cikin uku na 'yan gudun hijirar duniya a ƙasashen da ke maƙwabtaka da nasu suke zaune, kamar dai yayanki. Abin da mutumin nan ke sayarwa hanyar Agadas ce zuwa Libiya ko Aljeriya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, Hausawa 'yan'uwanmu daga kudancin Nijar, motocinsu suka lalace ƙishirwa ta kashe su. Wanda ya tsallake hamada kuma yana iya faɗawa hannun masu tsare mutane a Libiya, su kira gida a ji kukansa a aiko da kuɗi. Kun gudu daga masu garkuwa, kada ku biya kuɗi ku kai masu yaro da hannunku. In yaron mai ƙwaƙwalwa ne, akwai tallafin karatun jami'a na DAFI da Jamus ke ɗaukar nauyi tun 1992 don 'yan gudun hijira masu rajista, kuma ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo nan cikin Maraɗi. Gurbin kaɗan ne, amma hanya ce ta gaskiya. In kuma ba na boko ba ne, kuɗin da za a ba dillali ya isa babur na kabu-kabu.

Saura dawowa gida. Kowa na son gida, kuma yayanki ya fi duk masu matsa masa son ganin kushewar iyayensa. Amma masu cewa ya dawo, a Gusau suke kwana ko a garin? A wurare da yawa na Zurmi da Shinkafi da Maradun, manomi sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe, wani lokacin a sa shi noman gonarsu. Sulhu kan yi wata shida ya warware a dare ɗaya. Doka ta ce komawa sai da son ran mutum, ba tilas, ni kuma ina ƙara cewa tilas ɗin dangi ma tilas ne. Alamomin da nake ba mutane shawara su duba ba jawabin 'yan siyasa ba ne. Kasuwar garin na ci har la'asar? Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti sun koma suna kwana a can? An yi damina biyu a jere an kai amfani gida ba a biya kowa ba? Mata na zuwa gona su kaɗai? In amsar ta yi kyau, namiji ɗaya ya fara zuwa ya gani, ya gyara ɗaki, ya yi damina guda, iyali na can inda suke. Kafin ya tafi ya tambayi jami'an rajista abin da tafiyar za ta yi wa katinsa, don kada ya rasa nan ya rasa can. Kada a sayar da awaki da keken ɗinki don kuɗin mota sai an tabbata. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne waɗanda suka dawo da gaggawa, aka sake korarsu, suka koma Maraɗi ba jari, gonar aro kuma an ba wani.

Mai yiwuwa ne kuma wasu cikin 'ya'yansa ba za su dawo ba ko an samu lafiya. Za su yi aure a can, su yi sana'a a can, su riƙa zuwa Zamfara da salla. Ki shirya wa wannan a ranki tun yanzu.

In kin samu hutun makaranta, ki je ki gan su, zumunta a ƙafa take. Ki riƙe fasfo ko katin ɗan ƙasa da katin rigakafi, ki tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki kafin ki tashi. Da yawa sun fi son zagayawa ta Funtuwa da Katsina su fita ta Jibiya zuwa Ɗan Isa, maimakon su ratsa ta Zurmi, kuma ba a tafiyar dare. In kin isa, ki fara kai gaisuwa gidan mai gari da gidan da suka sauke su, da ɗan goro da sabulu a hannu. Ki zauna da matan su kaɗai, ki zauna da yaron nan mai son Turai shi kaɗai, sannan ku zauna da yayanki ku lissafa kuɗin kayan aikin da yake bukata.